Otal ɗin da ya cika maƙil amma bai taɓa korar baƙo ba

Masu shirya kacici-kacici a gidajen rediyo da makarantunmu suna son tambayar "wane ne ya fi": wane kogi ya fi tsawo, wane bene ya fi tsayi, wane otal ya fi yawan ɗakuna a duniya. Amsar ta ƙarshen nan, a ƙidayar kundin Guinness, ita ce First World Hotel da ke tsaunukan Genting a Malesiya, mai ɗakuna 7,351. Wanda ya fi tsufa kuwa yana Japan, sunansa Nishiyama Onsen Keiunkan, an ce tun shekarar 705 yake sauke baƙi. Yaro ya haddace, ya faɗa, a tafa masa, a ba shi katin waya ko dozin ɗin littafin rubutu. Ba na ƙin wannan. Abin da nake ƙi shi ne a kira shi gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, alhali hadda kawai aka gwada.

Labaran otal-otal suna da daɗin ji, ba na musu. A otal ɗin Savoy na Landan, tun cikin shekarun 1920 ake ajiye wani sassaƙaƙƙen baƙin muzuru mai suna Kaspar. In mutum goma sha uku suka zo cin abinci a tebur ɗaya, sai a zaunar da shi a kujera ta goma sha huɗu, a ɗaura masa adiko a wuya, a riƙa ajiye masa faranti kamar kowa, don Turawa suna camfa lamba 13. Su ma ashe akwai camfi. A otal ɗin Métropole na Brussels kuma aka yi taron masana na Solvay na farko a 1911, kuma a hoton taron ana ganin Henri Poincaré, babban masanin lissafin Faransa, sun duƙufa kan takarda shi da Marie Curie, Einstein yana tsaye can gefe da ƙuruciyarsa. Ga kuma G. H. Hardy na Ingila, wanda ya ƙi jinin ganin fuskarsa: da ya shiga ɗakin otal, aikinsa na farko shi ne ya lulluɓe madubi da tawul. Duk waɗannan na hira ne. Ka ji, ka yi dariya, ka wuce.

Amma akwai otal ɗaya da ba a taɓa aza tubalinsa ba, kuma a wurina ya fi duk waɗancan daraja. David Hilbert ne ya gina shi da baki, a wata lacca da ya gabatar a 1924 a Göttingen ta Jamus, inda ya shafe mafi yawan shekarunsa na koyarwa, kuma a can ya rasu a 1943. Labarin bai bazu ba sai da George Gamow ya sa shi a wani littafi da ya rubuta wa jama'a a 1947.

Ga yadda yake. Otal ne mai ɗakuna ba iyaka: ɗaki na 1, na 2, na 3, haka dai, babu na ƙarshe. A daren nan kowane ɗaki da mutum a ciki. Sai ga baƙo ya iso da jakarsa. A ko'ina aka saba, haƙuri za a ba shi. Manajan wannan otal kuwa sai ya ɗauki lasifika ya ce: na ɗaki na 1 ya koma na 2, na 2 ya koma na 3, kowa ya matsa gaba da ɗaki ɗaya. Ba wanda ya kwana a waje, domin duk lambar da ka kira akwai ta gaba da ita. Ɗaki na 1 ya zama fanko, baƙo ya shiga ya kwanta.

Mai karatu zai ce wayo ne. To, ga babbar mota ta iso, fasinjojinta su ma ba iyaka. Yanzu matsawa ɗaki ɗaya ko dubu ba za ta isa ba. Manaja ya sake ɗaukar lasifika: kowa ya ninka lambar ɗakinsa biyu ya koma can. Na 1 ya tafi 2, na 2 ya tafi 4, na 3 ya tafi 6, na 50 ya tafi 100. Tsofaffin baƙi duk sun samu wuri, sai ga ɗakuna na 1, 3, 5, 7 da 'yan'uwansu sun zama babu kowa, kuma su ma ba su da iyaka. Fasinjoji suka shige. Abin da wannan ke nunawa yana da ɗaure kai: lambobin da ke rabuwa biyu daidai, waɗanda kowa zai rantse rabin lambobi ne, yawansu ɗaya da lambobin gaba ɗaya, tun da ga shi an haɗa su ɗaya da ɗaya ba saura. A buhun gero rabi bai kai duka ba. A abin da ba shi da iyaka, wannan dokar ta faɗi.

Ko da motoci ne ba iyaka, kowace cike da fasinja ba iyaka, manaja yana da dabara. Zai nemi lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11, waɗanda Euclid ya tabbatar fiye da shekara dubu biyu da suka wuce cewa ba sa ƙarewa. Tsofaffin baƙi su koma ɗakuna na 2, 4, 8, 16. 'Yan motar farko su shiga 3, 9, 27, 81. Ta biyu 5, 25, 125. Ba mutum biyu da za su yi karo a ƙofa ɗaya, har ma a bar ɗakuna irin na 6 da na 10 ba kowa.

Inda labarin ya fi burge ni shi ne, akwai motar da ta fi ƙarfin wannan otal. Georg Cantor ya nuna tun 1874, ya sake nunawa da hanya mafi sauƙi a 1891, cewa in aka ba kowane ɗigo da ke tsakanin sifili da ɗaya a kan layin lamba fasinja guda, to duk yadda ka jera su a ɗakuna sai an bar wani a tsaye. Wato rashin iyaka ma hawa-hawa ne, wani ya fi wani. Cantor ya sha suka a hannun wasu manyan zamaninsa saboda wannan magana, Hilbert kuwa yana cikin waɗanda suka tsaya masa.

Na san abin da malamin lissafi na sakandare zai ce min: Malam, wannan ba ya cikin manhaja, WAEC da NECO ba sa tambaya, ga aji cike, ga lokaci kaɗan. Gaskiya ce, kuma ba na raina wahalarsa. Amma a duba abin da ke cikin labarin: ƙara ɗaya, ninkawa biyu, lambobin da ba sa rabuwa, ninka lamba da kanta. Duk suna cikin manhajar ƙaramar sakandare. Bambancin kawai, yaron da ya ji labarin otal zai yi gardama. Zai ce na ɗakin ƙarshe fa, ina zai je? Ranar da ya gane da kansa cewa babu ɗakin ƙarshe, ranar ya fara lissafi. Minti goma sun isa, alli ma ba dole ba ne.

Kuma koyar da lissafi da labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya cika babban ɓangaren littafin da matsalolin gado da wasiyya: mutum ya rasu ya bar 'ya'ya kaza, ya yi wa wani wasiyya da kaza, nawa kowa zai samu? Malamanmu na zaure har gobe haka suke karantar da rabon gado. Ga kuma Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, ya kuma rasu a Alƙahira yana baƙo a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihi na Masar. Mai shirya kacici-kacici zai tambayi shekarar da ya rasu. Da ni ne, cewa zan yi a jera 1 zuwa 9 a gida tara, uku-uku, yadda a tsaye da a kwance da a karkace duk za su ba da 15. Wanda ya iya wannan ya fi kusa da al-Kashinawi fiye da wanda ya haddace shekarun rayuwarsa.

Don haka roƙona ga masu shirye-shiryen rediyo da malaman da ke haɗa gasa tsakanin makarantu: cikin kowace tambaya goma, a bar biyu waɗanda ba a haddace amsarsu, a kuma ba yaro lokaci ya faɗi dalilinsa, a ba dalilin maki ko da amsar ta kauce. Ga ɗaya ta gwaji, tsohuwa ce, ita ma a otal take. Matafiya uku sun kama ɗaki a kan naira 30,000, kowa ya ba da 10,000. Daga baya manaja ya tuna kuɗin ɗakin 25,000 ne, ya ba yaron otal 5,000 ya mayar musu. Yaro ya soke 2,000 a aljihu, ya ba kowa 1,000. Ke nan kowa ya biya 9,000, su uku 27,000. A haɗa da 2,000 na aljihun yaro, 29,000. Ina naira dubu ɗaya ta shiga? Kafin ka zargi manaja, mai karatu, ka tambayi kanka ko 2,000 ɗin nan haɗa ta ya kamata a yi da 27,000 ko cire ta. Ka kai wa yaran gidanka yau da daddare, kuma kada ka yi saurin faɗa musu amsa.