RAGON SUNA YA SAMU, MAIJEGO FA?

Jama'a, yau da mu maza magidanta nake, sannan da iyayenmu mata masu kula da maijego. Na san wasu za su ce na shiga hurumin da ba nawa ba. Babu laifi, a daure a karanta har ƙarshe, in ya so sai a zage ni a ƙasa.

Ku duba yadda makon haihuwa yake tafiya a gidajenmu. Da an ce ta sauka lafiya, maigida ya yi hamdala, ya ɗora hoton jariri a Facebook da WhatsApp, sai lissafi ya tashi: rago, goro da dabino, buhun shinkafa, lemo, hayar rumfa da kujeru, kayan fitar suna, anko, mai hoto, wasu har da mai kiɗa. Wanda ba shi da hali ya ci bashi, ya nemi a ba shi ɗaukar adashe kafin lokacinsa, don kada dangi su ce ya gaza. Amma ka tare shi ka ce, "Malam, tun da ta dawo gida an gwada jininta kuwa? Jinin da take zubarwa ya ragu?" Sai ya kalle ka kamar ka yi saɓo, ya ce ai wannan harkar mata ce. Haba! Rago dai ka je kara da kanka, ka taɓa ƙirjinsa, ka duba haƙoransa, ka yi ciniki na awa guda. Wadda ta ɗauki cikin wata tara kuma ko tambaya ɗaya ta fi ƙarfinka?

Ga abin da ya sa maganar take ci mini rai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai kimanin mata 75,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Ka raba adadin da kwanakin shekara, za ka samu mata sama da 200 a kullum. Kamar a ce kowace rana motocin haya masu cin mutum 18 guda 11 su kife, babu wanda ya fita. Da a kan titi hakan ke faruwa da tuni ƙasar ta ɗauka. Amma da yake a cikin ɗaki ne, ɗaya a Gusau, ɗaya a wani ƙauyen Jigawa, sai a yi wanka, a yi sallah, a yi zaman makoki na kwana uku, a wuce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 39 cikin 100 ne ke haihuwa a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. Kuma mafi yawan mace-macen nan bayan an sauka suke aukuwa, musamman a rana ta farko da makon farko. Wato daidai makon da muke can muna cinikin rago.

Abubuwan da ke ɗauke matan nan sanannu ne, kuma kowanne yana ba da alama kafin ya yi kisa.

Na farko zubar jini. Ma'aikatan lafiya suna ɗaukar rabin lita a matsayin iyaka bayan haihuwa, kwatankwacin ledar fiyawota ɗaya. Abin da ya wuce haka haɗari ne, kuma mace tana iya tafiya cikin 'yan awoyi. In tana jiƙa ƙunzugu cikin ƙasa da awa ɗaya, ko manyan gudaje na fita, ko tana ganin jiri, to mota za a nema nan take. A gida kuwa me ake cewa? "Bari ya zuba, dattin ciki ne." Alhali akwai allurar oxytocin da ƙwayar misoprostol masu sa mahaifa ta tsuke. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni don a ga ainihin jinin da ya zuba, aka kuma haɗa magungunan a ba ta lokaci guda. Da wannan kaɗai munanan matsalolin zubar jini suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ilimin yana nan, 'yar gida ma tana cikin waɗanda suka samar da shi. Amma ledar ba za ta amfani matar da ba a kai ta ba.

Na biyu hawan jini da jijjiga. Mutane da yawa sun ɗauka da an haihu an tsallake shi. Ba haka ba ne, yana iya tasowa kwanaki bayan haihuwa. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, duk gargaɗi ne. In awo ya kai 140 a kan 90 ko ya wuce, akwai matsala. Amma sai a ba ta fanadol a ce gajiyar baƙi ce. Ranar da ta faɗi tana jijjiga tana cizon harshe, sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi, a aika a kira mai ruƙiyya. Ni ban hana kowa addu'a ba, wallahi. A yi tofin a cikin mota ana tafiya, domin allurar magnesium sulphate da ke tsayar da jijjigar tana asibiti.

Na uku zazzaɓin jego, wanda ƙwayoyin cuta ke kawowa idan sun shiga mahaifa. Jiki ya yi zafi, mara na ciwo, jinin na wari. Sai a aiki yaro kemis ya sayo maganin maleriya, a ƙara kwana uku ana jira, cutar kuwa tana shiga jini.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafar mu 'yan Arewa: ciwon zuciya na bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka ba da rahoton cewa kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin zuciyarta na gazawa, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. A lokacin sun ɗora zargi kan yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya jawo hankali ga rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin sinadarin selenium, da hawan jinin masu ciki. Alamar dai ba ta canza ba: haki ko da ɗan motsi kaɗan, kasa kwanciya sai an jingina ta da filo, tarin dare, kumburin ƙafa. To a gidajenmu wace fassara ake yi wa wannan? "Ruwa bai shige ta ba, jikinta ɗanye ne." Sai a ƙara wuta a ƙarƙashin tukunya, a ƙara kanwa a kunu. Fisabilillahi, kanwa gishiri ce, gishiri kuwa riƙe ruwa yake yi a jiki. Matar da zuciyarta ta riga ta gaji, ko jininta ya hau, ka ɗura mata kanwa safe da yamma, taimakonta ka yi?

Ban ce a daina wankan jego ba. Ruwa mai ɗumi da ganyen darbejiya, hutu, ƙauri, gasasshen nama, a ɗauke mata aikin gida na kwana arba'in, wannan gata ne da matan wasu ƙasashe ke nema ba su samu ba. Kakanninmu sun gane cewa kwanakin nan na musamman ne, likitoci ma mako shida suke ƙirgawa, kwana 42. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba maijego da jaririnta sau huɗu a cikinsu: cikin awa 24 na farko, a rana ta uku, tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma a mako na shida. Mu kuwa mun riƙe tafasasshen ruwan da ke saɓule fata, mun yar da dubawar.

Na san amsoshin da za su biyo baya, bari in tare su tun yanzu.

Wani zai ce ajali ne, in kwana ya ƙare ko a Landan take sai ta tafi. Gaskiya ne, babu mai wuce lokacinsa. Amma kai ɗin nan in motarka ta fara wani ƙara, gari na wayewa kana garejin bakanike. In kana kiwon kaji, ba ka tsallake ranar rigakafi. Me ya sa tawakkalinka bai tashi motsawa sai a kan matarka? Malamanmu sun sha faɗa a kan mumbari cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Wata za ta ce, "Mu da muka haifi goma a ɗaki me ya same mu? 'Yan matan yanzu dai raki." Inna, Allah Ya ƙara lafiya, amma ku da kuka tsira ne kuke ba da labari. A kowane dangi a ƙirga mutum nawa ne aka ce kakarsa ce ta goya shi, ko a hannun kishiyar uwa ya tashi, domin mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa ko kafin ta yi arba'in. Su ma a ɗaki suka haihu. Kalmar "raki" ɗin nan ita ke sa yarinya mai haihuwar fari ta haɗiye ciwo saboda kunya, ba za ta faɗa ba sai ta faɗi.

Wani kuma zai ce talauci ne, kuma laifin gwamnati ne. A nan ina tare da kai rabin hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na magani sun ninka. Akwai asibitocin da babu jini, babu wuta, ma'aikaciya ɗaya ga ɗaki guda, wasu kuma ga baƙar magana da ke korar mata. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, kuma haƙƙinmu ne mu bi sawu mu tambaya a wane asibiti ake yi a jiharmu. Duk wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ya iya haɗa kuɗin rago da rumfa da anko cikin kwana shida bai isa ya ce kuɗin gwajin jini ne ya gagare shi ba. Yanka ragon suna abu ne mai lada, amma ba farilla ba ne, wanda ba shi da hali babu zunubi a kansa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, hatta ladan ungozoma a wuyan miji aka ɗora shi. Anko da mai kiɗa kuwa, a nuna mini babin da suka fito.

Ku ma mata ba zan ƙyale ku ba. Sau da yawa ƙawaye da 'yan'uwa ne ke hura wutar gasar: wance ta fito da kala biyar ranar suna, ke ma sai kin yi. A cika ɗaki tun safe har dare, maijego na zaune tana gaishe-gaishe da murmushin dole, ba barci, ba hutu. Ranar suna a yi mata kwalliya a yi ta ɗaukar hoto, ƙafarta a kumbure ko takalmin ba ya shiga, kowa na cewa ta yi ƙibar jego.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Tun ciki na wata shida, maigida ya ware kuɗin gaggawa daban, kada a taɓa su don suna. Ya riƙe lambar mai mota ko mai adaidaita sahun da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Ya san rukunin jinin matarsa, ya yi magana da mutum biyu da za su iya ba ta jini. Ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da tata cewa in wani abu ya taso a kai ta asibiti ko ba ya nan, ya ba da izini tun yanzu, domin mata da yawa sun rasu ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko ya ɗaga waya. Bayan haihuwa a gwada jininta a cikin makon farko, ko a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ne. In an tafi da ita wankan gida, ka bi ta da kuɗin magani, ka kuma tambaye ta da bakinka yadda take ji. In kuɗin ba za su isa duka biyu ba, a rage bikin.

Ku kuma masu zuwa barka, bayan kun ɗauki jariri kun ce tubarkalla, ku kalli uwar ku tambaye ta: kanki na ciwo? Kina haki? Jinin ya ragu? Limamai masu raɗa suna, don Allah ku riƙa jan maigida gefe kuna yi masa wannan tambayar, daga bakinku zai fi jin nauyinta.

Wanda ke da ja, ga wurin sharhi nan, mu tattauna cikin mutunci. Wanda kuma ya san matarsa ko ƙanwarsa ko 'yarsa na da ciki, ya tura wa wanda ya dace.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego lafiyar shayarwa, Ya raya abin da aka samu. Waɗanda suka rasu a kan gwiwa, Allah Ya jiƙansu, Ya dubi marayun da suka bari. Amin.