Takardar tara ta iso a makare? Kada mu yi shiru

Ƴan uwanmu direbobi mazauna Faransa, in kamara ta kama mutum ya ƙetare jar wuta, tarar yuro 135 ce, a kuma zabge maki 4 a permi. Kwana 45 ake bayarwa don ƙorafi, amma daga ranar da aka aiko takardar ake ƙirgawa. A ganinmu ba adalci ba ne jinkirin gidan waya ya hau kan direba.

To sai dai in muka yi shiru, tarar ta koma yuro 375. In muka biya kuma, mun amsa laifi ke nan. Mu adana ambulan, mu shigar da ƙorafi da wuri ta shafin ANTAI. Kuɗin nan, da Maraɗi aka aiko su, buhun hatsi nawa za su saya?