RUFE WAIFAI BA ROWA BA NE

 

Yau daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, da wuya ka shiga shagon caji, ko wurin mai POS, ko kafe na rajistar JAMB, ba ka ga maifai ko rauta tana ƙyalli ba. Amma mafi yawanmu yadda munka sayo na'urar haka munka bar ta. Wasu kuma sun bar ta buɗe da gangan, wai kunyar a ce sun yi rowa. Mu a ganinmu, wannan kunyar tana iya jefa mutum cikin abin da bai sani ba.

Asarar data ita ce ƙaramar matsala, duk da cewa a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Babbar ita ce suna. Tun Disambar 2020 anka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Layin da ke cikin maifai ɗinka sunanka yake ɗauke da shi. In wani ya hau ya yi damfara, ko ya aika wa ɓarayin daji rahoto, sawun da za a fara bi naka ne. Mu da munka ga an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu a 2021 saboda tsaro, ba mu buƙatar a faɗa mana nauyin maganar.

Gyaran bai kai minti goma ba. Adireshin shiga saitin yana bayan na'urar ko ƙarƙashin batir. In ka shiga, nemi sashen tsaro.

Za ka ga zaɓi kamar Open, WEP, WPA, WPA2 da WPA3. Open ƙofa ce babu ƙyaure. WEP tun 2001 masana sunka nuna yadda ake fasa shi, yanzu aikin mintuna ne. WPA na 2003 faci ne kawai anka yi kafin WPA2 ya fito a 2004. Ka zaɓi WPA2-PSK tare da AES, ka bar TKIP. In na'urarka da wayoyin gidan suna karɓar WPA3, wanda ya fito a 2018, shi ya fi.

Sai kalmar sirri, inda mafi yawanmu ke faɗuwa. Mai fasa waifai ba tsayawa yake yana gwadawa da hannu ba. Yana kama musayar da wayarka ke yi da rauta lokacin haɗuwa, ya tafi da ita, kwamfuta ta yi ta jera masa miliyoyin kalmomi har ɗaya ta dace. Lambar wayarka, sunan ɗanka da shekarar haihuwa, 12345678, duk ba su jimawa. WPA2 yana karɓar haruffa 8 zuwa 63, don haka haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka, ka cusa lambobi a tsakani.

Abu biyu kuma. Kashe WPS: a 2011 an gano lambarsa mai guda takwas ana duba ta rabi-rabi, gwaji kusan 11,000 ya isa a buɗe ta. Sannan canza kalmar shiga saitin kanta, don na'urori da yawa da "admin" suke zuwa, kuma duk yaron da ya sani zai iya warware abin da ka ɗaure.

Za a ce, to maƙwabci fa, da ɗalibin da ba ya da kuɗin data? Ba mu ce a hana ba. Rauta da yawa suna da sashen baƙi, mai kalmar sirri daban, wanda ba ya taɓa kwamfutarka. Ba wanda ka sani, ka riƙa duba jerin wayoyin da ke kai, ka canza kalmar lokaci-lokaci. Manomin albasa a fadamar Rima yana kyauta da buhu, amma bai taɓa barin rumbunsa buɗe ba.

Masu shago da shugabannin makarantu, ku fara yau. Wanda saitin ya rikice masa ya rubuta sunan na'urarsa a ƙasa, ban da kalmar sirri, 'yan uwa za su taimaka. Allah Ya ba yankinmu lafiya.