Ƙirƙirarriyar Basira: Wa Zai Kare Muryar Makaɗan Madawa, Buza da Keita?

Manhajoji irin su Suno da Udio na iya haɗa waƙa, da kiɗanta da muryarta, cikin ƴan mintoci. A watan Afrilun 2025, dandalin Deezer na Faransa ya ce ana ɗora masa irin waɗannan waƙoƙi sama da 20,000 a kullum. Lamarin ya shafi makaɗan Madawa, Buza da Keita kai tsaye, domin duk inda waya ta isa, manhajar ma za ta isa.

Jihar Tawa ta san alherin fasaha. A 2008 Mdou Moctar, ɗan jihar, ya ɗauki kundinsa Anar a Sakkwato, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har sunansa ya kai Amurka. Waccan fasahar ta kai muryar mawaƙi nesa ne. Ta yanzu kuwa tana iya kwaikwayon muryar, ta rera abin da mai ita bai taɓa faɗa ba.

Makaɗin kalangu ko gurmi a Adar yana ci ne daga biki, suna da filin kokowa, kuma kuɗin ƴan cirani na Abijan da Libiya na cikin abin da ke riƙe waɗannan bukukuwa. Ranar da ango ya ga zai iya samun waƙar aurensa a waya kusan kyauta, abincin makaɗi ne zai ragu. Haka kuma, ana iya sa muryar sanannen mawaƙi ta yi zambo ga basarake, a kunna masa wutar da bai hura ba.

A watan Yunin 2024, kamfanonin Universal, Sony da Warner sun maka Suno da Udio a kotu kan zargin koyar da manhajojinsu da waƙoƙin mutane ba izini, daga baya wasunsu suka sasanta. Su suna da lauyoyi da takardu. Makaɗin ƙauye kuwa, sau da yawa shaidarsa ɗaya ce: jama'a sun san waƙarsa ce.

Don haka ya kamata hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Nijar, BNDA, ta bi waɗannan gundumomi uku ta yi wa makaɗa rajista, a naɗi waƙoƙinsu da sunayensu, a kuma fayyace a doka cewa kwaikwayon muryar mutum sai da yardarsa. Gidajen rediyon karkara su riƙa sanar da mai sauraro idan waƙa ta na'ura ce.

Matasa da ƴan cirani ma na da nasu rabon. Wanda ya aiko kuɗin biki ya ware na makaɗi, domin shi ne ya san kirarin gidansu da sunan kakansa. Jihar da ake ba da kyautar Ɗan Gurmu a cikinta bai kamata ta jira sai an kwashe muryoyin makaɗanta kafin ta farga ba.