Zauren Anti: Bayan An Sallamo Yaya Daga Asibiti

A watan nan wasiƙar wata ɗaliba ce ta tsaya mini a rai. Ta ce yayanta ya samu taɓin hankali, aka kwantar da shi wata biyu, ya dawo gida garau. Ba a rufa wata huɗu ba ya ajiye magani, ciwo ya dawo sabo, har iyayen saurayinta sun fara jan ƙafa kan maganar aurenta. Tana tambaya wai ko likitocin ne ba su iya ba?

Ƙanwata, likita ya yi nasa. Abin da yayanki ya rasa shi ne mai bibiya, wato mutum ɗaya da zai riƙe al'amarinsa gaba ɗaya bayan sallama: ya sha magani? Yaushe zai koma ganin likita? Yana barci? Wace sana'a zai kama? A garin Madison na Amurka, a farkon shekarun 1970, ma'aikata sun ga masu irin wannan ciwo ana sallamarsu suna komowa, sai suka fara bin su har gida, ma'aikaci ɗaya ga marasa lafiya kamar 10. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiyarsa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a.

A gidajenmu kuwa, kowa ya ɗauka wani ne ke lura, har magani ya ƙare ba a sani ba. Ku zauna da Baba a ɗora wa babba ɗaya wannan nauyi, ke kuma (tunda kin iya rubutu) ki samu littafi ki riƙa rubuta ranar komawa asibiti da duk canjin da kika gani, musamman rashin barci. Sau da yawa maganin ne ke sa jiki ya sandare ko hannu ya yi rawa, shi ya sa suke ƙin sa. Kada a yi masa faɗa, a gaya wa likita. Akwai ma allurar da ake yi bayan 'yan makonni maimakon ƙwayar kullum. In kun je, ku nemi ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin.

Maganar saurayin kuma, ki bari sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.