Paikon Kore: Ana yi wa garke rigakafi, an bar kwamfutar ofis sai ta kwanta

An fi sanin Paikon Kore, da ke ƙaramar hukumar Gwagwalada, da makiyayar da gwamnati ta keɓe a yankin, sai kuma cibiyar tattara madara da sanyaya ta wadda kamfanin Nestlé ya kafa a can tare da haɗin gwiwar sashen noma na Babban Birnin Tarayya. Wanda duk ya san kiwo ya san makiyayin kirki ba ya jira sai saniya ta kwanta sannan ya nemi malamin dabbobi. Akwai lokacin allurar ciwon huhu, akwai lokacin maganin tsutsar ciki, kaska kuwa kullum ake cire ta. Yana kashe kuɗi a kan dabba mai lafiya domin ya san abin da zai yi asara ranar da ta faɗi.

A wannan gari da maƙwabtansa, irin su Dobi da Ibwa har zuwa cikin Gwagwalada da Zuba, akwai wata dukiyar da abincin gidaje da yawa ya rataya a kanta, amma ba ta samun ko kusa da irin wannan kulawa. Ita ce kwamfutar da ke kan teburin mai shagon buga takardu da fotokwafi, da ta ofishin makaranta mai zaman kanta wadda ke riƙe da sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta, da ta mai kemis, da ta dillalin taki da iri, da ta sakataren ƙungiyar gama-kai da ke rubuta zubin mambobi da bashin da ke kansu. Ana sayen ta, galibi ta hannu, a jona a wuta, a ci gaba da aiki da ita shekara da shekaru ba tare da an taɓa buɗe cikinta ba. Ranar da ta ƙi tashi ce ake tuna cewa akwai mai gyara.

Wannan ɗabi'a ba ta da tsada sosai a zamanin da kwamfuta take matsayin tafireta kawai. Yanzu abin ya sauya. Rajistar kamfani a hukumar CAC, neman fasfo, biyan kuɗin gwamnati ta Remita, shigar da sunayen ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO, neman gurbi a Jami'ar Abuja, duk ta intanet ake yin su, kuma mafi yawansu suna da ranar rufewa. Mutumin ƙauye da ba shi da kwamfuta a gida shagon unguwa yake zuwa. Idan na'urar shagon ta kwanta kwana 3 a makon ƙarshe na rajista, asarar ta wuce cinikin mai shago, ta shafi yaran da iyayensu suka sayar da doya ko akuya suka haɗa musu kuɗin.

Abin da ke kashe kwamfuta a wannan yanki ba wani sirri ba ne. Na farko ƙura ce da zafi, kuma Gwagwalada ta yi suna da zafi ko a cikin garuruwan Abuja. A cikin kowace kwamfuta akwai 'yar fanka da ke zuƙo iska domin ta sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar, kuma duk abin da ke cikin iskar tare take zuƙo shi. A shagon da ke bakin hanya, ƙofa a buɗe, babura na tayar da ƙura, hunturu guda ya isa ya toshe ramukan iskar da wani abu mai kama da auduga. Daga nan na'ura za ta fara ɗaukar zafi, ta rage wa kanta gudu domin kada ta ƙone, sai mai ita ya ce ta yi nauyi ko ta tsufa. In aka ƙyale ta, sai ta soma mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Maganin wannan duka aikin rabin awa ne: a buɗe, a hure ƙurar, a sabunta man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke janye mata zafi. Mutane da yawa sun sayar da kwamfuta a arha, ko sun sayi wata da bashi, alhali ciwon bai wuce wannan ba.

Na biyu wuta ce. Ɗaukewarta ba ta kai dawowarta illa ba, domin sau da yawa da ƙarfi take dawowa, kuma a wannan ɗan lokaci ne akwatin wutar kwamfuta ko allonta na ciki ke ƙonewa. Haka ma sauyi daga wutar kamfani zuwa ta ƙaramin janareta, wanda ƙarfinsa ke hawa da sauka duk sanda injin fotokwafi ya ja wuta. Tsohon faifan ajiya, irin mai juyawa, shi ya fi jin jiki: in wuta ta yanke yana cikin rubutu, fayil ya lalace, in abin ya yawaita faifan kansa ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Akwai shaguna da yawa da za a ga akwatin riƙe wuta na UPS a ƙarƙashin tebur, amma batirinsa ya mutu tun tuni. Batirin yakan yi shekara 3 zuwa 5 ne kawai, a wuri mai zafi ma bai kai haka ba, kuma babu mai gwada shi. Ana ɗauke wuta sai shi da kwamfutar su mutu tare.

Idan ɓarna ta auku, sai a naɗe na'ura a zani ko a saka ta a buhu, a hau babur zuwa Gwagwalada. In abin ya gagari masu gyaran can, a kama hanyar Banex a Wuse 2, tafiyar da ta haura kilomita 50. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar kaɗai ya zama abin lissafi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin wannan shekarar, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 cikin 'yan watanni, kowane ɗan ƙarfen da za a canza ya bi ta. Wato gyaran gaggawa ya ninka tsada, alhali hure ƙura bai canza farashi sosai ba.

Sannan ga maganin da ya zama ruwan dare a bakin masu gyara: a yi mata fomatin. Ko nauyi ta yi, ko ƙwayar cuta ta shige ta daga filashin kwastoma, ko firinta ta ƙi amsawa, amsar ɗaya ce, a goge komai a sake zuba manhaja. Wannan ya fi wa mai gyara sauƙi, domin bincike na cin lokaci kuma ba a biyan sa kuɗin bincike. Amma a wannan gogewar ce sakamakon ɗalibai na shekaru da littafin bashin ƙungiya ke salwanta, saboda babu wanda ya ajiye kwafinsu a wani wuri. Ƙa'idar da masana suka daɗe da yarda da ita ba ta da wuya: kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, ɗaya daga ciki a wajen shagon, ko a faifan da ake tafiya da shi gida ko a ma'ajiyar intanet. Kwafin ma da ba a taɓa buɗe shi an gani ba, ba a san ko yana nan ba.

Kada a ɗauka wannan sakaci na ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai. A ranar 14 ga Mayun 2025, magatakardar hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida a Bwari har da hawaye, ya amsa cewa an sami kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar shi ne, an fitar da wani gyara na manhaja, amma ma'aikatan ɗaya daga cikin kamfanonin da ke mata aiki ba su ɗora shi a kan wasu manyan kwamfutocin da ke rarraba jarrabawar ba. Dole aka sake wa yaran jarrabawa. Babu ɓarawon intanet a labarin, babu gobara. Aikin yau da kullum ne wani ya tsallake, wani kuma bai bi baya ya duba ba. Ingila ma ta ɗanɗana irin wannan a watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati har aka soke ganin likita kusan 19,000, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris.

Akwai kuma wata matsalar da ta riga ta iso, ko da yake ba ta da ƙara. Daga 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro kyauta kamar da. Kamfanin da ke son a ci gaba da ba shi zai biya dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko. Windows 11 kuwa ba ta karɓar mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017, waɗanda su ne suka cika kasuwar gwanjo. Na'urorin za su ci gaba da tashi suna aiki, shi ya sa masu su ba za su ga dalilin damuwa ba, amma duk sabuwar ɓaraka da aka gano a cikinsu a buɗe za ta zauna. A cikin waɗannan na'urori ne ake shigar da lambar NIN da BVN da hotunan mutane. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta ware ƙaramin ɗan kasuwa ba: ta wajabta a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, kuma tarar ƙaramin mai riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Mai shagon da ya bar kwamfutarsa kwana 4 a rumfar wanda bai sani ba a birni, da takardun rabin unguwa a ciki, bai san nauyin abin da ya miƙa ba.

Masu shaguna suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Ribar shagon fotokwafi ba ta kai a ɗauki ma'aikacin kwamfuta ba. Bayan haka akwai rashin yarda: labarin mai gyaran da ya cire kaya mai kyau ya maye gurbinsa da marar kyau ya yawaita, har wasu sun gwammace kada kowa ya buɗe musu na'ura muddin tana numfashi. Wasu ma za su ce sabuntawar kanta tana kashe kwamfuta, kuma suna da shaida, domin a 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Sai dai abin lura a wannan lamari shi ne yadda aka fita daga cikinsa. Na'urori da yawa sai da mutum ya zauna gabansu ɗaya bayan ɗaya ya cire fayil ɗin da hannunsa. Wuraren da ke da ma'aikaci a kusa, wanda ya san na'urorinsu, su suka fara tashi.

Abin da shago ɗaya ba zai iya ba, shaguna 15 za su iya. Makiyayi ma ba ya ajiye malamin dabbobi a rugarsa, malami ɗaya ne ke zaga rugage. Idan masu shaguna da makarantu da kemis na Paikon Kore suka haɗa ɗan zubi a wata, za su iya riƙe mai gyara ɗaya da zai riƙa zagawa bisa jadawali, ya hure ƙura, ya gwada batir, ya ɗora sabuntawa, ya tabbatar kwafin ajiya yana buɗewa. A wannan tsari lissafin mai gyara yana juyawa. Wanda ake biya sai na'ura ta lalace, lalacewarta ce abincinsa. Wanda ake biya a wata kuwa, kowace na'ura da ta kwanta ƙarin wahala ce a kansa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Batun amana kuma littafi ne maganinsa: kowace kwamfuta da shafinta, a rubuta lambar kowane kaya da ke cikinta da ranar da aka taɓa ta, kuma a yi aikin a cikin shago a gaban mai ita.

Saura tambayar inda za a sami wannan mai gyara. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan 3 ya fi karkata ga rubuta manhaja da nazarin bayanai da makamantansu, ayyukan da ake fatan matashi ya yi wa kamfanin Legas ko na Turai daga ɗakinsa. Wannan buri ne mai kyau, amma ba zai hure ƙurar kwamfutar makarantar Paiko ba. Hukumar NITDA da majalisar ƙaramar hukumar Gwagwalada za su iya ɗaukar nauyin horon 'yan watanni ga matasan yankin, maza da mata, a kan gyara da kula da na'urorin ofis, tare da ɗan akwatin kayan aiki da sanin haƙƙin bayanan mutane. Kasuwarsu na nan a ƙofar gidansu, kuma aiki ne da babu wanda zai yi shi daga nesa.

Kafin hukuma ta motsa, masu shagunan suna da kalandarsu. Hunturu kan sauka a watan Nuwamba, kuma watannin da ke biye da shi su ne na rajistar manyan jarrabawa, lokacin da layi ya fi tsawo a shagunan buga takardu. Ƙura ta fi yawa daidai sanda aka fi buƙatar na'urar, saboda haka watan Oktoba ne ya kamata a buɗe ta, a sake buɗe ta a Maris kafin zafin bazara ya kankama.