DUKAN MATA: WA KE BIYAN HASARAR?

Jama'a, mun daɗe muna jin mahukunta suna cewa wai abin da ya faru tsakanin miji da mata sha'anin cikin gida ne. To, mu dai mun ce ƙarya ne, gama hasarar ba ta tsayawa a bakin zaure.

Ku dubi dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 55 ya yarda miji ya "hori" matarsa muddin al'adarsu ta yarda, kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Mene ne mummunan rauni? Sashe na 241 ya lissafa, har da ciwon da zai hana mutum sana'arsa kwana ashirin. Watau mai ƙosai ta kwanta kwana goma sha tara da kumburarriyar fuska, doka ba ta ga laifi ba!

A lissafa kwana goma sha taran nan. Ba ta jiƙa wake ba, ba ta ɗora kasko ba. Jarin da ta tara ya tafi wajen mai magani. Zubin adashi ya wuce ta, uwar adashi kuwa ba ta karɓar hawaye. Masu ciniki sun koma maƙwabta. Daga nan sai a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla don a cike giɓi. In uwar ta yi yaji, tsohon ubanta ne zai ciyar da ita da 'ya'yanta. Shi kansa gogan, da ya saba samun rancen cefane a ɗakinta, yanzu sai ya nema a waje.

Kada wani ya ce abin kaɗan ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka.

A 2015 aka sa hannu kan dokar hana cin zarafi a Abuja, jihohi suka yi ta jan ƙafa kafin su karɓa. Waɗanda suka karɓa ɗin ma, ina gidajen fakewa? Ina kuɗin aikin a kasafi?

Muna kira ga kowace Majalisar Dokoki da har yanzu ke riƙe da wannan sashe na 55 ta soke shi a zamanta mai zuwa, alƙalai kuma su riƙa tilasta wa mai duka biyan kuɗin magani da na kwanakin sana'ar da ya ɓata.